Motata ta ƙone gasket ɗin top, ga abin da muka tarar da aka buɗe injin

Ruwan lagireto ne ya riƙa ɓacewa ba tare da na ga inda yake zuba ba. Motar tsohuwa ce ta hannu, mai silinda huɗu, ta sha tafiya kafin ta zo hannuna kuma ni ma ban raga mata ba, amma dai inji lafiya lau yake, ba hayaƙi ba wata ƙara. Kawai sai na lura robar ajiyar ruwan nan da ke kusa da lagireto tana sauka, in cika ta yau, bayan ɗan lokaci in ga ruwan ya koma ƙasa da layi, in durƙusa in leƙa ƙarƙashin mota in tarar ƙasa a bushe ƙamas ko ɗigo babu. To ruwa ai ba ya tashi sama haka kawai a cikin abin da yake rufe ruf, in bai zuba waje ba to ciki yake zuba.

Sai kuma alama ta biyu ta biyo baya, da safe in na tayar da ita sai ta ɗan yi kakkarwa na ƴan daƙiƙoƙi kamar silinda ɗaya ba ta kama ba, can sai ta daidaita ta ci gaba da aikinta kamar ba a yi komai ba har yamma. Abin da ke faruwa shi ne bayan ka kashe inji akwai sauran matsi a hanyar ruwa, shi ne yake tura ɗan ruwa ta inda gasket ya tsage ya shiga cikin silinda cikin dare, ya jiƙa fulogi, da safe sai fulogin ya ƙi ba da wuta har sai ruwan ya ƙone. Ta uku kuma babban tiyon da ke saman lagireto, ko da sassafe inji a sanye in na matsa shi da hannu sai in ji shi a kumbure tauri ƙiƙam, alhali kamata ya yi ya saki tunda inji ya huce.

Ga wanda bai taɓa ganin an buɗe inji ba, inji gida biyu ne. Akwai bulok a ƙasa inda fistan suke hawa da sauka, akwai top a sama inda bawul da fulogi suke, shi kuma gasket wani siririn faranti ne da aka matse a tsakaninsu. Aikinsa uku a lokaci guda, ya tare wutar da ke tashi a cikin silinda kada ta fita, ya bar ruwa ya bi ramukansa, ya bar baƙin mai ya bi nasa ramukan, kuma kada ɗaya ya taɓa ɗaya. Kuma ka duba bambancin ƙarfin da yake tarewa, matsin hanyar ruwa bai wuce abin da aka rubuta a murfin lagireto ba, galibi 0.9 ko 1.1 a ma'aunin matsi na bar, amma matsin da ke cikin silinda lokacin da fetur ya kama wuta ya ninka wannan sau hamsin ko fiye in ana taka mota sosai. Shi ya sa da zarar ƙofa ta samu, hayaƙin silinda ne ke kutsawa cikin ruwa, ya cika tiyo da iska, ya kori ruwan ta robar ajiya. Tsofaffin injina gasket ɗinsu na wani haɗi ne mai ɗan laushi da zoben ƙarfe a bakin kowace silinda, a da har da asbestos a ciki kafin a daina, na baya-bayan nan kuma yawanci faifan ƙarfe ne sirara da aka jera kan juna, wanda ake ce wa MLS, ya fi ƙarko amma ba ya yafe wa top ɗin da bai kwanta daidai ba.

Mutane da yawa abu biyu kawai suka sani, farin hayaƙi a salansa da kuma mai ya haɗu da ruwa, in ba su ga waɗannan ba sai su ce ai gasket lafiya. Ba haka ba ne wallahi. Tawa har ranar da aka buɗe ta man da ke jikin sandar gwaji baƙi ne sumul, babu wannan fari-farin mai yauƙi ko kaɗan, saboda inda ya tsage tsakanin silinda ne da ramin ruwa, bai shafi ramin mai ba. Wani nasa tsakanin silinda biyu maƙwabta yake cinyewa, mota ta rasa ƙarfi tana ɓarin wuta amma ruwa da mai duk lafiya, wani kuma waje yake tsiyaya ka ga gefen bulok a jiƙe. Haka kuma ta ɗaya gefen, ba duk farin abin da ka gani a ƙarƙashin murfin mai ne gasket ba, motar da ake ƴan gajerun tafiye-tafiye da ita inji bai taɓa yin zafi sosai ba takan tara wannan daga raɓa kawai, kuma farin tururin da ke fita a salansa da sanyin safiya ya ɗauke bayan mintoci shi ma ba komai ba ne. Wanda ake tsoro shi ne mai kauri da ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, mai wani wari zaƙi-zaƙi in akwai kulant a motar, wato ruwan sanyaya inji na musamman da ake haɗawa da ruwa. Sannan akwai motocin da ke da abin sanyaya mai da ruwa ke ratsawa, in shi ya fashe ma mai da ruwa za su haɗu alhali gasket bai san ana yi ba.

Wannan ne ya sa ban yarda a kwance mini inji da ka ba. Bakaniken farko da na nuna wa ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce "Alhaji ai top gasket ne, a sauke kawai", na ce "To Malam na ji, amma a gwada mini tukuna in gani da idona". Ƙila ma gaskiyarsa, kuma daga baya ta tabbata gaskiyarsa ce, amma ni ba na son aikin cinke a abin da in aka buɗe shi ba a mayar da shi sai da sababbin kaya. Gwaje-gwajen kuma ba wasu masu wahala ba ne. Inji a sanye, ka buɗe murfin lagireto, ka cika ruwa, ka tayar, in kumfa na ta ɓullowa ɗaya bayan ɗaya ba ƙaƙƙautawa musamman in an taka totur, alama ce. Wanda ya fi wannan tabbas shi ne wani ruwan gwaji shuɗi da ake zubawa a ƴar kwalba a kafa a bakin lagireto a zuƙo iskar ciki ta ratsa shi, in akwai hayaƙin ƙonewar fetur a iskar sai shuɗin ya juya kore ko ɗorawa, nawa a gabana ya juya. Sai gwajin kwamfireshan, wato matsin cikin silinda, a cire fulogi duka a auna kowace silinda, bai kamata tazarar da ke tsakaninsu ta wuce kamar kashi 10 cikin 100 ba, in biyu da ke jere da juna suka faɗi tare to kusan ka san inda matsalar take. Akwai kuma wanda ake hura iska cikin silinda ana sauraron ta inda za ta fito, in ta fito a lagireto magana ta ƙare. Ko fulogin kansu ma suna ba da labari, da aka jera nawa guda huɗu a kan ƙyalle uku sun yi kalar ƙasa-ƙasa irin ta kullum, na silinda ta uku kuwa fes kamar yau aka ciro shi daga kwali, tururi ne ya wanke shi.

Da aka ɗaga top ɗin haka muka gani a kan fistan ma, uku baƙi ƙirin da gawayi, ɗaya tas yana ƙyalli. Gasket ɗin kuma da na ɗauko shi na kai haske, a bakin zoben silinda ta uku akwai wani ɗan layi baƙi da bai fi faɗin farce ba, ya tashi daga zoben ya nufi ramin ruwa. Shi kenan fa, wannan ɗan layin ne duk ya jawo wannan wahala.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan ba layin ba ne, abin da muka tarar a gefe ne. Da wanda ya yi mini aikin ya kwance gidan tamostat, wato ɗan abin nan da ke tare ruwa kada ya je lagireto sai inji ya yi zafi, sai ya kira ni ya ce "Yallaɓai zo ka gani", na leƙa, wayam, babu tamostat a ciki, wani ya cire shi tun kafin motar ta zo hannuna. Kuma ba wanda ke cire tamostat don nishaɗi, sai in mota tana zafi an rasa dalili, sai a cire a ce wai ruwa ya samu hanya. Wato motar ta daɗe da ciwon zafi, aka rufe alamar aka bar ciwon. Da aka sauke lagireton aka sa masa ruwa ta sama sai ga shi yana fita da ƙyar, jajawur da tsatsa, kusan rabin ƙananan bututun cikinsa a toshe, alamar an shekara da shekaru ana ɗura masa ruwa zalla ba kulant. Famfon ruwan ma fukafukansa sun cinye sun zama sirara.

Ni a ganina a nan ne mutane ke asara sau biyu. Gasket ba ya cika mutuwa don kansa, zafi ne ke kashe shi. Yawancin injinan nan top ɗinsu alminiyam ne, da yawa daga cikin tsofaffin kuma bulok ɗinsu baƙin ƙarfe ne, shi kuma alminiyam in ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, to ka ga kullum ka tayar da mota ka kashe ana ɗan goga gasket tsakanin abubuwa biyu da ba sa motsi tare, an ƙera shi ya jure wannan a zafin aiki na yau da kullum wajen digiri 90 zuwa 100 da ɗoriya. Amma ranar da allurar da ke nuna zafin inji ta haura ja, top ya kumbura fiye da ƙima ya murƙushe zoben gasket, in ya huce kuma ba lallai ya koma yadda yake ba, sai ya ɗan lanƙwashe, daga nan ƙofa ta samu. Wani lokaci zafi ɗaya tak ya isa, kuma ba a ranar zai nuna ba sai bayan watanni, lokacin ma motar tana hannun wani. In ka sa sabon gasket ka bar toshasshen lagireto ko fankar da ba ta tashi ko murfin lagireton da robarsa ta mutu, to ka shirya sake buɗewa. Murfin nan ma da ake rainawa, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100 ya kai shi wajen 120, in ya saki ruwa zai tafasa a cikin top tun allura ba ta nuna komai ba.

Batun cire tamostat kuwa ni dai ban yarda da shi ba ko kaɗan, ko wane ne ya faɗa. Yawanci a digiri 82 zuwa 90 yake buɗewa gwargwadon mota, kuma a injina da yawa ba buɗe hanyar lagireto kaɗai yake ba, yana kuma toshe wata gajeruwar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin inji lokacin da yake sanye, in ka cire shi wannan hanyar a buɗe za ta zauna, wani kason ruwan ya riƙa zagaye a ciki bai je lagireto ba. Ga shan mai, ga saurin cinyewar inji saboda ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba. Ita kanta allurar kada ka ba ta amana ɗari bisa ɗari, a motoci da yawa an yi ta ne ta tsaya a tsakiya har sai abu ya ɓaci sosai, kuma in ruwa ya yi ƙasa har sensa ya zauna a iska tana iya nuna maka lafiya alhali top na toyuwa. In kana tafiya ka kunna hita ka ji iska mai sanyi alhali inji ya yi zafi, tsaya, ruwa ne babu. Kuma don Allah kada a buɗe murfin lagireto da zafi, kada kuma a kwarara wa inji mai zafi ruwan sanyi, a bar shi ya huce.

Shi aikin kansa akwai wuraren da in ba ka tsaya a kai ba za a tsallake. Na farko awon top, ana kankare shi tas a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye da kwance da kuma kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa cusa siraran ƙarafan gejin nan a ƙarƙashi, littattafan injina da yawa 0.05 na milimita suka ba da iyaka, wasu har 0.1, abin da ido ba zai taɓa gani ba. Nawa gejin ya shige a tsakiya tsakanin silinda ta biyu da ta uku ba tare da ya ko taɓa ba, dole aka kai shi wajen masu injin gogewa suka ɗebe ɗan kaɗan ya kwanta. Shi ma ɗiban yana da iyaka, in an taɓa yi a baya aka sake zaftarewa da yawa kwamfireshan zai hau, taimin ya ɗan goce, a wasu injinan har bawul ya kusanci fistan. A can ne kuma ya kamata a gwada shi da matsi a ga ko ya tsage, don top mai tsaga da ƙonannen gasket alamominsu iri ɗaya ne sak, kuma sabon gasket ba ya maganin tsaga. Fuskar bulok ita ma a auna ta. Masu goge top da samfefa a hannu a kan benci kuwa, in gasket ɗin MLS za a sa, ni ba da motata ba.

Na biyu ƙusoshin da ke ɗaure top. A injina da yawa irin waɗanda ke miƙewa ne in an ɗaure su, an yi su ne su ɗan ja kamar roba su riƙe, in an kwance ba sa komawa, saboda haka sababbi ake sawa ko aƙalla a auna su yadda littafin motar ya ce. Ramukansu a busar da su, in akwai mai ko ruwa a ciki ka ɗaure ƙusa a kai yana iya tsaga bulok. Ɗaurin kuma da sifanar awo ake yi, daga tsakiya a yi waje, mataki-mataki, sau da yawa a ƙarshe a ƙara juyi na digiri 90 sau ɗaya ko biyu. Wanda ya ce maka hannunsa ya san awo, ya sa dogon bututu a sifana yana ja har jijiyar wuya ta fito, ka karɓi makullinka. Tunda kuma an riga an buɗe, in motar mai bel ɗin taimin ce a canja shi tare da famfon ruwa, aikin ɗaya ne.

Wani aboki ya ce me ya sa ban zuba maganin nan na kwalba ba da ake cewa yana like gasket ba sai an buɗe ba. Da yawansu sodiyam siliket ne a ciki, yana daskarewa a inda ya haɗu da zafi mai tsanani, kuma ba zan ce ƙarya ne gaba ɗaya ba, ƙaramar tsaga yakan riƙe ta na wani lokaci. Sai dai bai san bambancin tsagar gasket da siraran bututun hita ko na lagireton da dama rabinsa a toshe yake ba, kuma ba ya miƙar da top ɗin da ya lanƙwashe. Motar da ka riga ka yanke shawarar ƙarasa ta ka yar, to zuba. Amma masu zubawa su wanke inji su kai kasuwa su yi shiru, su ji tsoron Allah, irinsu ne ke jefa mutane a wannan halin.

Akwai dai injinan da an san su da wannan ciwon ko an kula da su, kamar EJ25 na Subaru mai lita 2.5 na ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000, shi top biyu ma gare shi saboda kwanciyar silindarsa, da K-series na Rover da aka sa a Freelander mai 1.8, sai kuma 2AZ-FE mai 2.4 na Toyota Camry daga 2002 zuwa wajen 2006 da Northstar na Cadillac, su waɗannan biyun na ƙarshe tiredin ramin ƙusa ne, wato inda ƙusa ke kamawa, ke zarewa daga bulok ɗin alminiyam, top ya saki, in ba a dasa sabon tiredi na ƙarfe ba ko gasket nawa ka sa zai sake. Tawa ba ta cikin waɗannan, amma mai irinsu ya faɗa wa bakanikensa ya duba tun kafin a rufe.

Tambayar a gyara ko a rabu da ita, ni ƙasan injin na duba. In ruwa ya daɗe yana cakuɗa da mai ana yawo a haka, kulant yana cinye metal ɗin da karanshaf, wato babbar sandar da fistan ke juyawa a ƙasan inji, ke kwance a kansu, ka gyara sama bayan ɗan lokaci ƙasa ta buga. In kuma ruwa ya taɓa cika silinda har sitata ta kasa juya inji, ruwa ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa konrod, sandar da ta haɗa fistan da karanshaf. A irin wannan gara a nemi wani injin, duk da shi ma na hannun ba ka san zafin da ya sha ba, a gwada shi kafin a ɗora. Nawa mai bai haɗu da ruwa ba, bangon silinda sumul, giya lafiya, bodi ba tsatsa, kuma na san motar ciki da waje, in na sayar na sayi wata ta hannun wata matsalar zan saya da ban san ta ba, sai na gyara. Lissafin kawai ka haɗa duka, gasket da gogewa da ƙusoshi da lagireto da famfo da tamostat da murfi da kulant da mai, ka gwada da darajar motar, kada ka yi lissafin gasket shi kaɗai.

Bayan an rufe an zuba kulant rabi da rabi da ruwa mai tsabta, sai fitar da iska, wannan ma ana wasa da shi alhali iskar da ta maƙale a top tana iya mayar da kai gidan jiya a tafiyar farko. Hita a buɗe har ƙarshe, inji na aiki, ana ƙara ruwa a hankali har tamostat ya buɗe tiyon ƙasa ya yi zafi, fanka ta tashi ta tsaya da kanta, in motar na da ƴar ƙusar fitar da iska a sassauta ta. Mai da filta sababbi, in ruwa ya taɓa shiga mai a sake juyewa bayan ɗan gajeren amfani. Tsohon kulant ɗin da aka zubar kuma a kawar da shi nesa da yara da dabbobi, guba ne kuma zaƙi gare shi. A makonnin farko ruwan robar zai iya ɗan sauka kaɗan saboda ragowar iska na fita, ka yi masa alama da biro inji a sanye ka riƙa dubawa da safe, in ya tsaya a wuri ɗaya to aiki ya yi, in ya ci gaba da sauka ka koma a sake gwajin shuɗin ruwan nan tun kafin allura ta motsa.